Idan ƙwaya ta fi ƙarfin mutum: yadda za a ceto numfashinsa, da kulawar da ke biyo baya

Abin da ke kashe mai shan kodin, tiramadol, hiroyin ko fentanil idan ƙwayar ta yi masa yawa shi ne ɗaukewar numfashi. Duk dangin ofiyom ne, aikinsu ɗaya a jiki: suna kashe raɗaɗin ciwo, suna kawo maye, suna kuma danne sashen ƙwaƙwalwar da ke umartar huhu ya ja iska. Baligi mai lafiya yana numfashi sau 12 zuwa 20 a minti guda. Wanda ƙwaya ta danne sai nasa ya sauko zuwa 8, zuwa 5, har ya tsaya cak, ƙwaƙwalwa kuwa takan fara lalacewa cikin minti 3 zuwa 5 da rasa iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mutum 125,000 ne suka rasu ta wannan hanya a 2019. Abin takaicin shi ne da yawansu ba su kaɗai suke ba a lokacin. Akwai aboki ko ɗan'uwa a kusa, ya ji minshari, ya ce a ƙyale shi ya yi barci ƙwayar ta sake shi.

Yadda za ka gane ba barci ba ne

Alamu uku ne ke tafiya tare: mutum ba ya farkawa, numfashinsa ya yi ƙasa ko ya tsaya, tsakiyar baƙin idonsa ta tsuke ta zama ɗan ɗigo. Kira sunansa da ƙarfi, ka girgiza kafaɗarsa. In bai motsa ba, dunƙule hannu ka goga gaɓoɓin yatsunka a ƙashin tsakiyar ƙirjinsa da ƙarfi na daƙiƙa 5 zuwa 10. Wurin yana da zafi ƙwarai, mai barci komai nauyin barcinsa zai ture hannunka. Wanda bai ji wannan ba yana cikin haɗari.

Sai ka kalli ƙirjinsa na daƙiƙa 10. In bai ɗaga ba ko sau ɗaya, ko ya ɗaga sau ɗaya da ƙyar, kada ka tsaya ƙidaya. Minshari mai nauyi da kakari kamar ana shaƙe shi alamar hanyar iska ce da ke toshewa, kuma shi ne ya fi yaudarar mutane. A mai duhun fata, shuɗin da ake faɗa ba ya fitowa sarai a fuska. Buɗe leɓensa ka duba ciki da dasashi, ka duba ƙarƙashin farce. In sun koma launin toka ko sun yi fari, iska ta yi ƙaranci a jininsa.

Abin yi a mintunan farko

Sa wani takamaimai, ka kira sunansa, ya nemo motar asibiti ko abin hawa. In ka ce "wani ya kira", kowa zai ɗauka wani ya kira. Kai kuma ka kwantar da mutumin rigingine a ƙasa mai tauri, ka cire abin da ka gani a bakinsa, ka ɗora hannu ɗaya a goshinsa ka tura kan baya, ka ɗaga haɓarsa da yatsu biyu. Wannan kaɗai yakan janye harshen da ya faɗa baya ya toshe maƙogwaro.

Maganin da ke warware dangin ofiyom shi ne nalokson. Yana ture ƙwayar daga inda ta maƙale a ƙwaƙwalwa, numfashi ya dawo. Ba ya sa maye, kuma in ka ba wanda matsalarsa daban ce ba zai cutar da shi ba, saboda haka ko kana shakka ka ba shi. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a sa shi a hannun duk wanda zai iya tsintar kansa a irin wannan hali, ba ma'aikatan asibiti kaɗai ba.

Iri biyu ne aka fi samu. Na fesawa a hanci, wanda aka fi sani da sunan Narcan, yawanci miligiram 4 ne, kuma fesa ɗaya tak ke cikinsa. Kada ka gwada shi a iska, in ka danna ya ƙare. Zura bakinsa cikin ƙofar hanci ɗaya har yatsunka su taɓa hancin, ka danna gaba ɗaya. Na allura kuwa ɗan kwalba ne mai miligiram 0.4 a mililita 1. Zuƙe shi duka a sirinji, ka soka a tsokar gefen cinya ta waje ko tsokar kafaɗa, ko ta saman tufa in cirewa zai ɓata lokaci. Ba sai ka nemi jijiya ba.

Duba agogo. Maganin yana ɗaukar minti 2 zuwa 3 kafin ya yi aiki, kuma a nan ne mutane ke kuskure, su zauna suna jira. Cikin waɗannan mintuna kai ne huhunsa. Toshe hancinsa da yatsu, ka rufe bakinsa da naka, ka hura na daƙiƙa ɗaya har ka ga ƙirji ya ɗaga. Yi biyu a jere, sannan ɗaya duk daƙiƙa 5 zuwa 6. In ƙirjin bai ɗaga ba, kan bai koma baya sosai ba ne, gyara ka sake. Kada ka hura da ƙarfi fiye da kima, iskar za ta wuce ciki ta jawo amai. Bayan minti 3 in bai farfaɗo ba, ƙara wani nalokson, na hanci a ɗaya ƙofar. Fentanil ya ninka mofin, maganin kashe raɗaɗi na asibiti, ƙarfi sau 50 zuwa 100, yakan buƙaci biyu ko uku. In babu nalokson sam, hura iskar nan ita kaɗai tana iya riƙe ran mutum har a isa asibiti.

In ba ya numfashi ko kaɗan kuma ba alamar motsi, ɗauka zuciya ta tsaya. Ɗora tafin hannu biyu a tsakiyar ƙirji, ka danna zurfin santimita 5 zuwa 6, sau 100 zuwa 120 a minti. Bayan kowace danna 30, hura biyu.

Da numfashi ya daidaita, juya shi kan gefensa, ka lanƙwasa gwiwar sama don kada ya kife, hannunsa a ƙarƙashin kunci, baki yana kallon ƙasa. Wanda aka bari rigingine aman da ya yi yakan koma huhunsa.

Farkawa ba ƙarshen haɗari ba ce

Ƙarfin nalokson yana ƙarewa cikin minti 30 zuwa 90, alhali ƙwayar na iya daɗewa a jini fiye da haka, musamman metadon, wani dangin ofiyom da ake jinyar masu shan ƙwaya da shi, da ƙwayoyin da aka yi su don su narke a hankali. Mutum zai tashi, ya yi magana, bayan sa'a guda ya sake sumewa. Don haka asibiti dole ne. In ya ƙi zuwa, a zauna da shi aƙalla sa'o'i 2 bayan nalokson na ƙarshe, in kuma ƙwayar mai daɗewa ce a kwana ana dubansa. Zai farka da gumi, tashin zuciya, ciwon gaɓoɓi da fushi, domin maganin ya cire masa ƙwayar farat ɗaya. Gaya masa abin da ya faru cikin natsuwa, kada a taru a kansa, kuma lokacin faɗa bai yi ba. Abin da za a hana shi ne ya ƙara sha don ya kashe wannan wahala, domin da nalokson ya sake shi tsohuwar da sabuwar za su haɗu.

Kada a ɗura wa wanda ba ya hayyacinsa ruwa, madara ko ruwan gishiri, huhu suke shiga. Kada a sa masa yatsa a maƙogwaro don ya yi amai. Watsa ruwan sanyi, mari, ko jan sa ana zagayawa da shi ba sa cire ƙwaya daga jini, lokaci kawai suke ci.

Tiramadol yana da nasa hali. Iyakar da likitoci suka saba ba baligi ita ce miligiram 400 a rana, kuma sama da haka yakan jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. In ta zo, kawar da abin da zai ji masa ciwo, ka sa abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, kada ka danne shi, kada ka sa komai a bakinsa. In ta wuce minti 5 ko ta maimaitu, lamarin ya tsananta. Nalokson yana taimaka wa numfashinsa amma ba ya tsayar da jijjigar. Wasu ƙwayoyin kodin da tiramadol kuma haɗe suke da farasitamol, wanda ke lalata hanta a ɓoye: mutum ya ga kamar ya warke, bayan kwana 2 zuwa 3 idonsa ya yi rawaya. Maganin wannan ya fi aiki cikin sa'o'i 8 na farko, shi ya sa ake tafiya asibiti da kwalin ko kwalbar abin da ya sha. Giya da ƙwayoyin barci irin su diyazefam nalokson ba ya taɓa su, haɗa su da dangin ofiyom kuwa na cikin manyan dalilan mutuwa.

Lokacin da ya fi haɗari

Jikin mai sha kullum yana sabawa, har ya riƙa ɗaukar abin da zai kashe wani. Wannan sabo yana zubewa cikin kwanaki kaɗan da dainawa. Wanda ya fito daga gidan gyaran hali, ko cibiyar jinya, ko doguwar kwanciya a asibiti, in ya koma kan adadin da ya saba a da, adadin nan na iya kashe shi. Makonni biyu na farko bayan fitowa su ne mafi muni. Wannan ne babban dalilin da ya sa kulle mutum a ɗaki ko ɗaure shi har "ta fita daga jikinsa" yake da haɗari, ban da zaluncin da ke cikinsa: an zubar da sabon jiki, sha'awar tana nan daram.

Janyewa, wato wahalar da jiki ke shiga in an daina sha, ga dangin ofiyom marasa daɗewa a jini irin su hiroyin takan fara sa'o'i 8 zuwa 24 bayan shan ƙarshe, ta ɗauki kwana 4 zuwa 10: hamma, majina, hawaye, gudawa, amai, ciwon ƙashi, rashin barci. Azaba ce, sai dai ba kasafai take kisa ba in ana mayar da ruwan da jiki ya rasa. Giya da diyazefam daban suke. Wanda ya daɗe a kansu in ya yanke rana ɗaya yana iya jijjiga da ruɗewa har ya mutu, don haka likita ne ke rage masa a hankali. Mace mai ciki ma kada ta yanke da kanta, cikin na iya zubewa.

Jinyar da ke riƙe mutum

Ga dangin ofiyom, abin da ya fi rage mutuwa shi ne magani na dogon lokaci da metadon ko bufurenofin, waɗanda suke cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2005. Suna rage haɗarin mutuwa da kusan rabi. Iyalai da yawa suna ƙin su, suna cewa an musanya ƙwaya da ƙwaya. Mu dai ba mu ga haka ba. Adadi ne sananne, sau ɗaya a rana, a hannun likita, wanda ke kashe sha'awa ba tare da ya bugar ba, mutum ya iya tashi ya nemi na kansa. Ana fara metadon da kaɗan, yawanci bai wuce miligiram 30 ba, domin yana taruwa a jiki, kuma makonnin farko na buƙatar sa ido. Bufurenofin a ƙarƙashin harshe ake sa shi, kuma sai alamun janyewa sun bayyana sarai, aƙalla sa'o'i 12 bayan shan ƙarshe, in ba haka ba zai jefa mutum cikin janyewa mai tsanani. Jinyar ta watanni ce ko shekaru, kuma matsa wa mutum ya daina da wuri na daga abin da ke mayar da shi baya.

A nemi a duba shi ta wasu fuskokin: ciwon damuwa, ciwon jiki mai daɗewa da ya kai shi ga ƙwayar tun farko, gwajin ƙanjamau da ciwon hanta nau'in B da C in yana allura. In kun ga alamar ya yanke ƙauna, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa tunanin.

A gida, magana tana shiga ne lokacin da yake cikin hayyacinsa, daga bakin mutum ɗaya ko biyu da yake jin nauyinsu. A faɗi abin da aka gani da rana da wuri, a ce an tsorata, a gabatar da mataki ɗaya da za a iya ɗauka gobe, kamar raka shi wurin likita. Kada a ba shi kuɗi a hannu, a biya buƙatar kai tsaye. A gindaya iyaka a tsaya a kanta, amma kora daga gida tana tura shi ya sha shi kaɗai inda ba mai gani. Zaman ƙungiyar waɗanda suka daina, mako-mako, da sana'a ko karatun da zai cinye masa wuni suna cike gurbin abokan da ya bari. Masu unguwa da ƙungiyoyin matasa na iya amfani da 31 ga Agusta, ranar wayar da kai kan wannan mutuwa da aka fara a Melbourne ta Ostireliya a 2001, su kira ma'aikacin lafiya ya koyar da hura iska da nalokson a aikace. Sa'a guda ta isa.

Kashi 40 zuwa 60 cikin ɗari na waɗanda suka shiga jinya sukan koma sha a wani lokaci, kusan kamar yadda masu hawan jini ke sakin maganinsu. Saboda haka a shirya wa ranar tun ba ta zo ba, a yi maganar da shi a fili: in ya koma, kada ya sha shi kaɗai a kulle, kada ya ɗauki adadin da, kada ya haɗa da giya ko ƙwayar barci, kuma ya faɗa wa mutum ɗaya da aka amince, a mayar da shi wurin likita cikin makon. A ajiye nalokson aƙalla guda biyu a inda kowa ya sani, ba a cikin akwati mai makulli ba, nesa da rana da zafi mai tsanani. A riƙa duba ranar lalacewarsa ana sauyawa, amma in wanda ya wuce lokaci ne kaɗai a hannu ranar da buƙata ta taso, a yi amfani da shi.