Babi na Shida: Fitar da Iska daga Kulocin Mota

Direban trotro, wato ƙaramar bas ta haya, da ke jigila tsakanin Aboabo da Kejetia a Kumasi ba zai iya ƙirga sau nawa yake taka kuloci a yini ba, shi ya sa ƙafarsa ce take fara sanin cewa wani abu ya canza. Feda takan yi laushi kamar an taka soso, giya ta ƙi shiga sai an buga feda sau biyu ko uku, giyar baya kuma ta riƙa gurnani kafin ta shiga. Sau da yawa iska ce ta shiga cikin man kuloci, kuma fitar da ita aiki ne na mutum biyu wanda ba ya buƙatar a sauke giyabos.

Kulocin da ke aiki da mai yana da silinda biyu. Ta sama, wadda makanikan Suame Magazine, unguwar gyaran motoci ta Kumasi, ke kira masta, tana manne a bangon da ya raba inji da direba, daidai bayan feda, da ɗan tankin mai a kanta ko kusa da ita. Ta ƙasa tana jikin giyabos, kuma ita ce ke tura sandar da ke raba faifan kuloci da inji. Siririn bututu ne ya haɗa su. Mai ba ya matsuwa, saboda haka duk ƙarfin da ƙafa ta sa a sama yana isa ƙasa cif. Iska kuwa tana matsuwa, don haka idan ta shiga bututun, ƙarfin ƙafa yakan ƙare wajen matsa ta, sandar ba ta yi tafiyar da ta kamata ba.

Kafin ka sayi mai, ka goge murfin tankin ka karanta abin da ke kansa. Za ka ga haruffa uku, D da O da T, sannan lamba, yawanci 3 ko 4. Wannan shi ne man birki, kuma lambar da ka gani ita za ka nema a jikin kwalba. Kada ka zuba DOT 5 a kansu, domin irinsa dabam ne, kada kuma ka kuskura ka zuba man inji ko man giya, domin suna kumbura robobin silinda har su lalace. Ina ba da shawarar a guji man da aka juye a gorar ruwa ana sayarwa kaɗan-kaɗan. Man birki yana shan danshin iska, garin Kumasi kuwa ba ya rabuwa da danshi, musamman da damina, saboda haka kwalbar da ba a taɓa buɗewa ba ita ta fi alheri ko da ta fi tsada. Sauran kayan su ne sifana mai zobe, galibi lamba 8 ko 10, da tiyo siriri mai nuna abin da ke cikinsa, irin na ƙarin ruwa, da gora mai tsabta, da tsumma.

Ka kashe inji, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a bayan taya. Idan sai an ɗaga mota, kada ka shiga ƙarƙashinta tana kan jak kaɗai. Cika tankin zuwa layin sama. A jikin silinda ta ƙasa akwai ɗan noti mai rami a tsakiya, sau da yawa da hular roba a kansa. Goge shi, ka saka zoben sifana, ka cusa tiyo a bakinsa, ɗayan bakin tiyon kuma ka nutsa shi cikin ɗan mai a gindin gorar.

A nan ne aikin yake, kuma rabinsa magana ce. Maigida yana ƙasa, yaronsa yana kan kujerar direba. Maigida ya ce, "Taka." Yaron ya taka feda a hankali sau uku ko huɗu, a na ƙarshe ya danne ta har ƙasa, ya ce, "Na riƙe, Maigida." Sai a lokacin maigida zai kwance notin kaɗan, kamar rubu'in zagaye, mai ya fito cikin tiyo da kumfa a cikinsa, wani lokaci har da ɗan tsartuwa. Sai ya ɗaure notin tukuna, sannan ya ce, "To, saki." Idan yaron ya ɗaga ƙafa noti yana buɗe, silinda ta sama za ta zuƙo iska ta koma da ita ciki, a wayi gari an ɓata mai an kuma koma farko. Sau da yawa feda takan kwanta a ƙasa ta ƙi tasowa bayan an buɗe noti. Wannan ba lalacewa ba ne, yaron ya ɗago ta da hannu a hankali.

Bayan kowane zagaye uku ko huɗu, a leƙa tanki a ƙara mai. A wasu motoci birki da kuloci tanki ɗaya suke sha, kuma bakin kulocin yana sama da na birki, don haka yana iya fara jan iska alhali kana ganin sauran mai a ciki. Ana ci gaba har mai ya fito wasai, babu kumfa ko ɗaya. Man da ya taru a gora ba ya komawa tanki, wanda ya ɗiga a jikin mota kuma a wanke shi da ruwa nan take, domin yana cin fenti. Notin siriri ne, a ɗaure shi daidai, ƙarfi da yawa yana karya shi.

Daga nan a tada inji, a taka kuloci, a ɗan jira, a gwada giyar baya. Idan ta shiga shiru, kuma feda tana da ƙarfi tun daga sama, aiki ya yi. Idan laushin ya dawo bayan kwana biyu, to akwai inda mai ke yoyo. Shafa hannu a bayan feda da kan tabarmar ƙafa, idan ka ji jiƙa, robar masta ce ta mutu. Janye robar da ta rufe bakin silinda ta ƙasa, idan mai ya zubo, ita ce za a gyara ko a canza. A motoci da yawa na zamani silindar ƙasa tana can cikin gidan kuloci, kuma alamarta ita ce mai yana ɗiga daga mahaɗar inji da giyabos. Wannan sai an sauke giyabos, kuma tun da an riga an sauke, gara a duba faifan kuloci a lokaci guda.