Yadda nake shigar da darasin ɗorewa cikin ajin kasuwanci

Lokacin da na fara koyarwa a makarantar kasuwanci, kwas ɗin ɗorewa, wato yadda za a yi kasuwanci ba tare da cutar da muhalli da mutane ba, na zaɓi ne, wanda ya ga dama ya zo. Masu zuwan kuma dama sun riga sun damu da muhalli da haƙƙin ma'aikata. Waɗanda gobe za su riƙe asusun kamfanoni suna can ajin harkar kuɗi. Abin ya tsaya mini a rai, sai na bi su can.

Saboda haka, malam, ka nemi ko da awa biyu a cikin kwasa-kwasan dole, musamman akanta da harkar kuɗi. In shugaban tsangaya ya ja baya, tuna masa da shirin PRME, na ƙa'idojin koyar da gudanar da kasuwanci cikin sanin ya kamata, da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙaddamar a 2007 domin makarantu irin namu.

In ka samu ajin, fara da lissafi. Nakan rubuta a allo cewa wani aiki zai jawo ɓarnar dala 100 bayan shekara 30, nawa ce ƙimarta yau in ana rage kashi 10 cikin 100 duk shekara? Su danna kwakuleta, amsa ta fito ƙasa da dala 6. Sai in ce su sake da kashi 3. Ta haura dala 41. Nan aji yake yin tsit. Wata ɗaliba ta taɓa ajiye biro ta ce, "Malam, ke nan mu ne muke yanka wa jikokinmu farashi?" Na bar musu sauran lokacin suka yi ta muhawara, domin tambayarta ita ce darasin.

Daga nan ka kawo abin da ya faru da gaske. Ni ginin Rana Plaza nake kawowa, wanda ya rushe a Bangaladash a Afrilun 2013, ya kashe mutum sama da 1,100, yawancinsu masu ɗinka tufafi. An ga tsaga a jikin ginin kwana ɗaya kafin nan, aka kuma sa ma'aikata suka koma aiki. Kada ka tambaye su ko hakan daidai ne, kowa ya san amsar. Raba su rukuni-rukuni: mai saye da ke matsa farashi, mai masana'anta da wa'adi ya ƙure masa, mai duba ƙa'idojin aiki. Kowane rukuni ya faɗi inda zai iya cewa a dakata, da abin da zai rasa in ya faɗa.

Kada ka ɓoye musu masu ja da maganar. Masanin tattalin arziki Milton Friedman ya rubuta a 1970 cewa nauyin da ke kan kamfani shi ne ƙara riba cikin bin doka. Su karanta, wasu su kare shi da gaske.

Wajen jarrabawa nakan ba su rahoton shekara na wani kamfani, su nemo hayaƙin da yake fitarwa kashi uku bisa tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar lissafa hayaƙin da ke ɗumama duniya: nasa na kai tsaye, na makamashin da ya saya, da na masu kawo masa kaya da masu amfani da hajarsa. Na ukun ne sau da yawa ya fi girma, shi ne kuma aka fi tsallakewa. Wanda ya cika takarda da daɗin baki ba ya samun maki a wurina sai ya nuna lambar shafin da ya samo adadin.