In kilas ɗin databes ɗinka na PHP ya ce "prepare() on null"

Saƙon nan na "Call to a member function prepare() on null" ba ƙaramin wahalar da sabbin shiga PHP yake ba, sai ka ga mutum ya zauna yana ta zura wa layin prepare ido alhali matsalar ba can take ba. Haɗin databes ɗin ne bai ƙullu ba tun farko, tun wajen new aka yi ɓarnar. To koma sama ka duba __construct, wato fankishin ɗin da PHP ke kira da kansa duk lokacin da ka yi new.

Fara da sunan kansa. Layin ƙasa biyu ne, ba ɗaya ba. In ka rubuta _construct PHP ba zai ce maka uffan ba, zai ɗauka wani fankishin ne kawai da ba wanda ya kira, new Database() ya wuce lafiya lau, sai ka zo neman bayani abu ya fashe. Haka masu kwaso tsohon kod a intanet inda aka sa wa fankishin ɗin sunan kilas, function Database(). Da can yana aiki, amma tun PHP 7.0 ake gargaɗi a kai, da 8.0 ta fito a 2020 kuwa aka daina kiransa kwata-kwata, shi ya sa shafi yana ta aiki abinsa ana ɗaga PHP a saba sai ya mutu.

Wanda ya fi kama mutane shi ne rubuta $conn = new PDO(...) a cikin __construct (PDO shi ne kilas ɗin PHP da ke ƙulla haɗi da databes). Wannan $conn ɗin fankishin na ƙarewa shi ma ya tafi. Ga yadda ake yi:

$this->conn = new PDO($dsn, $user, $pass);

Sai kuma gado. In ka ce class User extends Database kuma User yana da nasa __construct, PHP ba zai kira na uban ba sai ka rubuta parent::__construct() da hannunka. Ni dai gaskiya ba na son wannan tsarin ma, don duk new ɗin da ka yi sabon haɗi ne, wata rana MySQL ya ce maka "Too many connections", ga shi dama 151 ne iyakarsa in ba a taɓa saitin ba. Gara ka buɗe PDO sau ɗaya ka riƙa miƙa shi, new User($pdo).

Kuma don Allah a daina sa try da catch wanda ba komai a cikinsa, fasuwod ya zama ba daidai ba catch ya haɗiye kuskuren, kod ya ci gaba da tafiya da conn babu komai.

In kana son ganin gaskiyar lamari sa var_dump($db) nan take bayan $db = new Database(), ka duba ko conn NULL ne. Sannan a saman kilas rubuta private PDO $conn, tun 7.4 ana iya haka, duk ranar da ka manta cika shi PHP zai faɗa maka ƙarara cewa ka taɓa shi kafin a sa masa komai.