Yadda za a kula da magani a gida ba tare da fargaba ba

Idan saƙon murya ya shigo ta WhatsApp cewa wani magani yana kisa, kada a yi gaggawar tura shi gaba, domin tsoro kan sa mai hawan jini ko ciwon sukari ya jingine maganinsa. A kwantar da hankali, a ɗauki kwalin a kai wa likita ko ma'aikacin farmasi. Wani gargaɗin gaskiya ne: a Oktoban 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ja kunne kan wasu magungunan tari na yara guda 4 da aka samu a Gambiya, amma ta ambaci sunayensu, ba ta haramta kowane maganin tari ba.

Abin da ya fi damuna a nan Damagaram shi ne ƙwayoyin da ake yawo da su a kan faranti cikin rana, alhali a watan Afrilu zafinmu yakan wuce digiri 40, yawancin magunguna kuwa an rubuta a jikinsu a ajiye su ƙasa da digiri 25 ko 30. A saya a farmasi, a duba ranar ƙarewar wa'adi, a adana a inuwa inda hannun yaro ba ya kaiwa.

Maganin zazzaɓin cizon sauro irin su Coartem na kwana 3 ne, a shanye shi ko da jiki ya yi sauƙi. Majinyaci kuma a riƙa zama da shi ana hira, ana nuna masa ɗan sauƙin da ya samu tun jiya, domin wanda bai yanke ƙauna ba ya fi kiyaye lokacin shan maganinsa.