Giyabos na ƙasa, ka mayar da tsohon kuloci? Kurakuran da na gaji da gani

A motar gudu mai giyar hannu, tsadar aikin kuloci tana cikin hanyar isa gare shi. Kafin ka ga fuskarsa sai ka kwance salansa, ka cire farfela, wato sandar da ke kai juyin giya zuwa tayoyin baya, ka zare sandar giya, sannan ka sauke giyabos gaba ɗaya. A Corvette C5, wadda aka ƙera daga 1997 zuwa 2004, wahalar ta ninka: giyabos yana can baya, kuloci yana gaba a jikin inji, wani dogon bututu ne ya haɗa su, don haka sai an sauke ƙafafun baya da duk abin da ke rataye a wurin. To mutum ya sha wannan wahala saboda wani gyara daban, ga kuloci a buɗe a gabansa, sai ya leƙa ya ce "ai da sauransa", ya mayar ya ɗaure. Sababbin kanikawa da masu motocin duk suna cikin wannan laifi, kuma ba ƙaramin ƙona mini rai yake ba.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya. Wani bawan Allah ya kawo mini BMW E46, baƙin mai yana ɗiga ta tsakanin inji da giyabos. Sil ɗin bayan karanshaf ne ya gaji, wato robar da ke tare mai a bayan inji, kuma ba a kai wa gare shi sai an cire kuloci da filaiwil, wato ƙarfen nan mai nauyi da ke juyawa a bayan inji, wanda kuloci ke kamawa. Da muka sauke, na ɗauko faifan kuloci na nuna masa da hannuna. Fatarsa ta cinye har ta kusa taɓa kawunan ƙusoshin da ke riƙe da ita, gefe ɗaya ya yi baƙi yana ƙyalli saboda man da ya sha. Na ce, "Alhaji, a canza shi yanzu, kuɗin kaya kawai za ka biya." Ya ce shi yoyon mai ya kawo, kada in ƙirƙiro masa aiki. Damina ba ta wuce ba sai ga shi ya dawo, mota tana ihu a giya ta huɗu amma ba ta gaba, ga warin ƙauri. Kafin ya iso ya riga ya baza wa abokansa cewa tun da na taɓa motar ta lalace. Haka na sake sauke giyabos ban karɓi ko sisi ba, don in tsira da sunana, wasu motocin suna jira a rana. Daga ranar na kafa doka a garejina: giyabos ya sauka, faifai ya ci fiye da rabi ko mai ya taɓa shi, to sai an canza, ko a kai motar wani wuri. Faifan da ya sha mai ba ya wankuwa. Ka wanke da fetur, ka gasa da wuta, da ya yi zafi man zai sake fitowa daga ciki.

Ban ce kowane kuloci a jefar ba. In sabo ne, ka auna kaurinsa, ka ga a bushe yake, mayar da shi. Amma ka sani yawancin BMW na wancan zamani suna da fireshafilet, wato murfin da ke matse faifai, mai gyara kansa yayin da faifai ke cinyewa. In za ka mayar da tsohon, sai da na'urar da ke danne shi a maido da zobensa. Ka ɗaure shi haka nan da sifana, ka yi gyaran gangar Auzinawa.

Sai masu canza faifai kaɗai su bar 'yan ƙananan abubuwan da ke ɓoye a ramin. Boris ɗin da ke tura kuloci, da ɗan ƙaramin boris da ke cikin gindin karanshaf inda bakin shaf ɗin giya yake zama, da sil ɗin baya, da cokalin da ke tura boris tare da ƙwallon da yake juyawa a kai. Kuɗinsu duka bai kai na sake sauke giyabos ba. A Nissan 350Z ta 2007 da 2008, da 370Z da ta biyo bayanta, silindar da ke tura kuloci a cikin ƙoƙon giyabos take, ta kewaye shaf, ba a waje ba kamar a 350Z ta farko. An san ta da yoyo. Ranar da ta saki, feda zai kwanta a ƙasa ya ƙi tashi, man kuma ya jiƙa sabon faifanka. Ni ba na mayar da tsohuwa, ko da ta yi kyau a ido.

Masu Porsche kuwa nasu ya fi haɗari. A 911 ƙirar 996 da Boxster 986 akwai wani boris a ƙarshen shaf ɗin da ke juya sarƙoƙin inji, ana ce masa IMS, yana ƙasa da sil ɗin baya, filaiwil ya rufe shi. In ya farfashe, injin ne gaba ɗaya ke lalacewa. Lokacin da filaiwil ke waje shi ne lokacin dubawa da canza shi. A ƙirar 2006 zuwa 2008, waɗanda suka biyo bayansu, an ƙara masa girma, ba ya fita sai an raba injin gida biyu, saboda haka ka fara tantance wanda ke gabanka kafin ka yi odar kaya.

Yanzu filaiwil, kuma a nan zan yi faɗa. Haba jama'a! Filaiwil mai ɓari biyu, wanda kamfanin LuK na Jamus ya fara fitarwa a 1985, ba dunƙulen ƙarfe ba ne irin na tsohuwar Fijo. Faifai biyu ne, da sifirin a kwance a tsakaninsu cikin giris, suna shanye girgizar inji kafin ta kai ga giya. Amma sai ka ga yaro ya saɓa shi a kafaɗa zai kai wa masu goge ƙarfe. Na taɓa dawowa daga kasuwa na tarar wani yarona ya kai an goge, yana murna, "Oga, ya fito kamar sabo." Garin ƙarfe ya shige cikin sifirin. Motar ta koma tana kaf-kaf duk lokacin da aka kashe ta, ni na sayi wani daga aljihuna. Ga yadda nake duba shi: in riƙe ɓarin da ke fuskantata in murɗa hagu da dama, in kuma jijjiga shi gaba da baya. In ya yi sako-sako da yawa, ko giris ya tsartu a cikin ƙoƙon giyabos, ko fuskar ta yi tabon shuɗi da tsaga, ya gama aiki. Na Beljiyam ma ba na so, domin ba ka san irin azabar da ya sha ba. Araha ba ta ado.

Kusoshin filaiwil a motoci da yawa sau ɗaya ake ɗaure su, ka sayi sababbi, ka ɗaure da sifana mai awo, a gicciye. Faifai yana da gaba da baya, an rubuta a jikinsa, ka karanta. Giris a haƙoran shaf ɗan shafe ne kawai, in ya yi yawa zai fantsama kan fata. Ka sa alama a farfela kafin ka kwance, kuma ka duba robar da ke haɗa ta da giyabos. Man kuloci a canza shi, a fitar da iska sosai, don yana shan danshi.

Abin da ba na yafewa shi ne jawo giyabos da kusoshi idan ya ƙi shiga. Ya ƙi ne saboda faifai bai zauna a tsakiya ba. Ka koma ka daidaita da sandar saiti. Haka nan kada ka bar nauyin giyabos ya rataya a kan shaf ko na ɗan lokaci, zai lanƙwasa cibiyar faifan, giya ta riƙa ƙin shiga kana neman laifi a wani wuri.

Samari masu son a ce motarsu ta tsere ce su ma suna da nasu. Injin bai ƙara ƙarfi ba, amma sai an sa kuloci mai fatar tangaram da filaiwil mara nauyi. A filin tsere yana da amfani. A cunkoson Nyanya ko Kurna kuwa, ƙafar hagu za ta gaya maka, motar ta riƙa fizga tana mutuwa, giya na ƙara a tsaye. In ba ka ƙara wa inji ƙarfi ba, ni na kamfani nake sa wa, LuK ko Sachs ko Exedy, gwargwadon wanda motar ta zo da shi.

Bayan an ɗaure, nakan ce wa mai mota ya yi kamar kilomita 800 yana tuƙin cikin gari a hankali, ba tashi da ƙarfi, ba juya taya a wuri ɗaya. Tafiyar babbar hanya ba ta shiga lissafi, don ƙafa ba ta taɓa feda. Wanda ya fita daga gareji ya nufi filin wasa da mota a daren, fatar za ta ƙone ta yi santsi, kuma ba zan sake sauke masa kyauta ba.