Darasi na Bakwai: Wace Sana'a Zan Kama?

Idan mutum ya samu ɗan jari, ko daga adashe ko daga sayar da amfanin gona, abin da ya fi saurin zuwa masa a rai shi ne sana'ar da ya ga maƙwabcinsa yana yi. A nan ne jarin mutane da yawa yake narkewa.

Ku tuna farkon shekarar 2023, lokacin da takardun kuɗi suka yi wuya bayan an sauya fasalin naira. Masu POS sun samu ciniki sosai a watannin nan. Da mutane suka ga haka, sai kowa ya nemi na'ura da tebur da lema. Yau a bakin titi ɗaya za ku iske masu POS a jere, suna jiran mutum guda. Wanda ya shigo daga baya kallon kitse ya yi wa rogo.

Saboda haka kafin ku taɓa jarinku, ku zaga unguwa ku sa kunne. Me mutane suke hawa mota ko babur su je nema a nesa? Me suke yawan cewa "wallahi na rasa inda zan samu"? Unguwar da ba ta samun wuta tana bukatar mai cajin waya da sola, da mai ƙanƙara a lokacin zafi da azumi. Inda ake gine-gine, leburori na bukatar abincin rana mai auki. Kusa da asibiti, masu jinya na neman ruwan zafi da kunu tun da asuba.

Sai kuma ku rage faɗin abin. Ku dubi Kano: mai neman atamfa ya nufi Kantin Kwari, mai neman hatsi Dawanau, kayan masarufi Singa, kayan gwari 'Yan Kaba. An san kowace kasuwa da abinta, shi ya sa mai saye ba ya ɓata. Haka ake so a san ku. Telan da ya tsaya a kan kayan 'yan makaranta da hijabai, iyaye da shugabannin makarantu za su riƙe sunansa, hannunsa zai yi sauri, kuma zai sari yadi bandir guda da sauƙi. Wanda ke karɓar kowane irin ɗinki, sai Sallah ta matso ake tunawa da shi.

Yanzu ga lissafi, domin ciniki daban, riba daban. Kuɗin nan misali ne kawai, ku sa farashin garinku. A ce mai awara ta sayi kwanon waken suya naira 3,000. Markaɗe 300, mai 1,500, itace 500, ruwan tsami da yaji da leda 400. Jimla 5,700. Ta sayar duka a kan 7,000. Ribarta 1,300 ce, ba 7,000 ba. Idan yaran gida sun ci ta 500, maƙwabciya ta karɓi bashin ta 400, abin da ya rage a hannu 400 ne, ga jiƙo da tata da zafin wuta tun safe. To, idan mata biyar ne ke suya a layin, da wuya ma ta sayar duka. Ta fi samun fita idan ta shirya da masu shagunan ɗinki ko garejin kanikawa, ana kai musu kullum da la'asar, su biya nan take.

Ku kuma tambayi kanku ko kayan na lalacewa. Ɗanyen tumatir kwana kaɗan yake yi, busasshe kuwa yana jiran damina, lokacin da ɗanyen yake tsada. Mai ƙaramin jari ya fi kwanciyar hankali da abin da ba ya ruɓewa. Kuma kada a zuba jarin duka a karon farko. A gwada da kashi ɗaya cikin uku, a ga yadda kasuwa za ta karɓa.

Aikin gida: Ku rubuta abubuwa uku da ake wahalar samu a unguwarku. Ku zaɓi ɗaya, ku je kasuwa da kanku ku tambayo farashin sari, sannan ku yi masa lissafi irin na mai awara a littafinku. Ku zo da shi aji mako mai zuwa.