Yadda Ake Gyara Hoton Fitowar Rana da Faɗuwarta

Ido yana ganin jan sama da duhun ƙasa lokaci guda, kyamara kuwa ba ta iyawa. Shi ya sa hoton faɗuwar rana kan fito ko dai sama ta ƙone fari fat, ko ƙasa ta yi baƙi ƙirin. Aikinka shi ne sasanta su, kuma da haske ake farawa kafin a taɓa launi.

In kyamararka ko wayarka tana ɗaukar RAW, wato ɗanyen fayil ɗin hoto da ba a matse ba kamar JPEG da aka saba, yi amfani da shi. JPEG matakan haske 256 kawai yake riƙewa a kowane launi, RAW kuwa dubbai, don haka yana jure ja da matsa. Buɗe hoton a manhajar gyaran hoto ta Lightroom ko Snapseed, ka fara miƙe layin da sama ta haɗu da ƙasa, musamman in akwai ruwa a ciki.

Sai haske. Rage maɓallin hailait, wanda ke kula da wurare masu tsananin haske, har gefen gajimare ya bayyana. Kada ka matsa wa ƙwayar ranar kanta. In ka ja da yawa za ta koma ruwan toka, hoton ya mutu. Daga nan ɗaga inuwa kaɗan-kaɗan. Nan ne mutane da yawa ke wuce gona da iri, su haskaka ƙasa kamar tsakar rana alhali sama tana nuna almuru. Bar duhun ya yi aikinsa. Bishiya ko dutsen da ya tsaya baƙi a gaban jan sama sau da yawa shi ne kyan hoton. Zuƙo hoton kuma ka duba inuwar, domin a can ɗigo-ɗigo ke fitowa in an ɗaga ta da yawa.

In ɓangare ɗaya ya gyaru ɗayan ya ɓaci, ka raba su. A cikin manhajar, ja matatar da ke saukowa daga sama a hankali, ka duhunta sama ita kaɗai. Lura da bakin duwatsu da rassa, kada farin zobe ya kewaye su.

Yanzu launi. Kyamara kan ɗauki jan yamma a matsayin kuskure ta sanyaya shi. Hasken tsakar rana wajen 5500K ne (K shi ne Kelvin, awon zafin launi). Tura ma'aunin zafin launi zuwa 6000K ko 6500K, ruwan goron zai dawo. Ni na fi son a bar ɗan shuɗi a can saman, domin shi ke sa ja ya fito sosai. Hoton asuba ma ya fi son sanyi-sanyi da ruwan hoda.

Kada ka ƙara ƙarfin launuka gaba ɗaya. Shiga wurin da ake taɓa kowane launi daban, ka ƙara ruwan goro kaɗan, ka sa ido kan ja don shi ke saurin cushewa ya shafe zanen gajimare.

Ajiye wayar na ɗan lokaci idonka ya huta, ka dawo ka kwatanta da na asali. Sannan ka fitar da shi a tsarin launi na sRGB in intanet za ka ɗora.